Gidan Malami Amana Ne A Wuyan Al'umma

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, maganarmu ta wannan mako a kan gidajen malamai mawaƙa ce, waɗanda suka karantar da kakanninmu addini cikin harshen da suke ji, da kuma haƙƙin da ke kanmu na tara dukiya a gyara su.

Mu ɗauki Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo abin misali. An haife ta a shekarar 1793, ta rasu a 1864. Ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa 'Yan Taru, inda jajoji ke hardace waƙoƙin su kai wa matan ƙauyuka. Mijinta shi ne Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda unguwar Giɗaɗawa ta Sakkwato ta samo suna daga gare shi. Zuriyarsu ba ta yi sakaci ba. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya adana takardun gidan, kuma da su aka dogara wajen buga ayyukanta cikin kundi guda a wannan shekarar. Da gidan ya watse, da takardun sun bi shi.

To, mu fa mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum? Shehu da kansa ya yi kusan shekara 5 yana wa'azi a ƙasar Zamfara tun kafin jihadin 1804, kuma garuruwanmu ba su rasa malamai masu rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami ba. Amma ku dubi tsofaffin zaurukan karatu a unguwanninmu. Ginin ƙasa ne, yaɓe yake so kowace shekara. Idan indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, azara ta ruɓe, damina biyu ta isa. Gara kuwa ba ta bambanta littafin fiƙihu da tsumma. Daga nan sai magada su raba fili, a sayar, a yi shaguna.

Wani zai ce, ai wannan girmama bango ne, kuma ƙofa ce ta bidi'a. Tsoron nan abin yabo ne, gama tauhidi ya fi kowane gini daraja. Sai dai ba muna kira a gyara ɗaki don a riƙa shafar bangonsa ko ɗibar ƙasarsa ba ne. Muna kira a mayar da shi wurin karatu, watau a yi waƙafinsa. Ya inganta cewa Sayyidina Umar ya yi waƙafin gonarsa ta Haibara bisa shawarar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma an san sadaka mai gudana da ilimi mai amfani suna cikin abin da ladansa ba ya yankewa bayan mutuwa. Wanda ya ba da kuɗin azara guda, aka zauna ƙarƙashinta ana biya wa yara karatu, ya haɗa biyun.

Saboda haka kowace unguwa ta kafa gidauniya da sanin sarki da liman. A fara da yardar magada, a rubuta ta gaban shaidu, domin ba a gina alheri a kan haƙƙin maraya. A naɗa amintattu su riƙe kuɗin, su karanta lissafi a bainar jama'a, don dukiyar waƙafi wuta ce ga mai cin ta. Attajiri ya kawo kuɗi, manomi ya kawo dami, magini ya ba da yini guda, matasa su yashe magudanan ruwa. Takardun kuma a ɗauki hotonsu, sannan a adana su inda laima ba ta kaiwa.

Damina ba ta jiran a gama shawara. Allah ya jiƙan malamanmu, ya sa mu cikin masu riƙon amana, amin. Wassalamu alaikum.