Dattijon Da Ya Ɗauke Ƙafa Daga Masallaci



Wani dattijo ɗan sahun farko ya yi wata uku ba mu gan shi ba. Da na je gaishe shi, ashe aiki aka yi masa, aka fito da bakin hanjinsa ta gefen ciki, aka manna masa jakar bayan gida. Ya ce, "Malam, ina cikin sujada ta yoyo. Ina ni ina masallaci?"

Na ce, Baba, Malikiyya sun sanya irin wannan a babin salas: abin da ke fita ba da ikonka ba, matuƙar ya kai rabin lokaci ko fiye, ba ya karya alwala, sabuntawa mustahabbi ce. Shafi'iyya da Hanbaliyya suka ce a sabunta idan lokacin salla ya shiga. Babu wanda ya ce a bar salla.

Yoyon ma yana da sababi. Kada a bari jakar ta cika. Da ta kai sulusi a zubar, musamman gab da salla. A yanka ramin daidai bakin hanjin, don idan ya yi faɗi ƙazanta na taɓa fata ta ci ta. A wanke da ruwan ɗumi, a bari ta bushe sarai. Mai ko basilin yana hana gam kamawa. Ƙaiƙayi ko zafi ƙarƙashin gam alama ce ta yoyo, a canza nan take. Fata ta saɓule? Sai asibiti, ban da shafe-shafen gida.

Jiya da Asuba na gan shi. A ƙarshen sahu ya tsaya, kusa da ƙofa.