Keke Ɗaya, Sirdi Biyu: Wa'azi a Kan Zaman Aure



A ranar 25 ga watan Yuli Ikilisiya takan yi idin Manzo Yakubu ɗan Zabadi, ɗan'uwan Yohanna, wanda ya bar jirgi da taru a bakin Tekun Galili ya bi Ubangiji. Littafin Ayyukan Manzanni, sura 12, ya gaya mana yadda sarki Hirudus ya sa aka kashe shi da takobi, wajen shekara ta 44. Shi ne na fari cikin manzanni goma sha biyu da ya ba da ransa saboda bangaskiya. Bisa ga labarin da Ikilisiya ta gada daga kakanni, an kai gawarsa arewa maso yammacin ƙasar Sifen, a ƙarni na 9 kuma aka gano kabarinsa, a inda birnin Santiyago de Kompostela yake a yau. Fiye da shekara 1,000 ke nan Kiristoci suna tattaki zuwa wannan wuri don ziyarar ibada. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, wanda ya sauka a Kaduna a watan Fabrairu na 1982, ya je Santiyago a watan Nuwamba na wannan shekara, ya sake komawa a 1989 don taron matasa na duniya.

Sa'ad da muke karatu a Roma, Allah ya nufe mu da zuwa can a lokacin hutu. A bakin ofishin masu ziyara muka haɗu da wani miji da matarsa, mutanen ƙasar Ailan, waɗanda suka yi shekara 30 da aure. Sun ɗauki hutun aikinsu na shekara, suka baro gida, suka zo wata ƙasa da wani irin keke da ba mu saba gani a garuruwanmu ba: ƙafa biyu kamar kowane keke, amma dogo, da sirdi biyu, da feda ta mutum biyu. Sun tashi daga garin Saint-Jean-Pied-de-Port a kudancin Faransa, suka ƙetare duwatsun Pirenis, suka bi ta Pamplona, Burgos da Leon, tafiyar kusan kilomita 800, cikin mako biyu. Abin da suka ba mu labari a wannan yamma bai bar zuciyarmu ba har yau, shi ne kuma muke so mu ajiye a gabanku.

Wani zai ce, Fada, mu da muke fama da kuɗin taki da kuɗin makaranta, ina ruwanmu da hutun Turawa? Gaskiya ne, ba mu ce kowa ya nemi kuɗin jirgi ba. Amma Ubangijinmu da kansa yakan ɗauki abin da ido yake gani, iri da yisti da fitila, ya buɗe mana asirin Mulkin Allah da shi. Keke kuwa ba baƙo ba ne a gare mu. Da shi katikis ɗinmu na dā suka kai Bishara ƙauyuka, da shi kuma magidanta da yawa suke goya matansu zuwa kasuwa ko asibiti. Sai dai ga bambancin: a keken da muka sani, wanda yake baya a kan kariya kaya ne, na gaba shi kaɗai yake zufa. A keke mai sirdi biyu kuwa babu wanda yake kaya. Sarƙa ɗaya ce ta haɗa fedar gaba da ta baya, don haka in ƙafar ɗaya ta juya, dole ta ɗayan ta juya. Ba mai iya hutawa shi kaɗai, ba mai iya yin gaba ya bar ɗan'uwansa.

Ga yadda aikin yake rabe. Na gaba shi yake riƙe da kan keke, da birki, da giya. Shi yake ganin hanya, shi iska da ruwan sama suke fara duka. In aka tsaya, shi yake sa ƙafa a ƙasa ya tokare keken da nauyin mutum biyu da kayansu, na baya yana zaune. Na baya kuwa ba ya ganin abin da yake gaba, sai bayan abokin tafiyarsa. Ba shi da birki, ba shi da ikon juya keken. Amma ƙarfinsa yana cikin kowane taku, hannuwansa kuma a sake suke, shi yake duba taswira, shi yake miƙa ruwa, shi yake ba motoci alama. Saboda haka ne ma makafi suke iya yin tseren keke a wasannin naƙasassu na duniya: makaho a baya, mai gani a gaba. Irin wannan keke yana gudu ƙwarai a shimfiɗaɗɗiyar hanya, domin ƙarfin mutum biyu ne yake keta iskar da ba ta fi ta mutum ɗaya da yawa ba. Amma a hawan dutse yana da nauyi, a gangara kuma yana da hatsari.

Mijin nan shi ne a gaba. Ya gaya mana da bakinsa cewa a rana ta fari, suna hawan dutse zuwa Roncesvalles, ya yi ta canja giya ba tare da ya faɗa ba, ƙafar matarsa tana zamewa daga feda. Da ya ga rami, shi yakan ɗaga jikinsa daga sirdi, ita kuwa da ba ta gani ba, sai ta sha dukan a ƙashin bayanta. Ta yi magana sau ɗaya, sau biyu, ya ce ai ya san abin da yake yi. Daga nan ta yi shiru. Tsakanin Burgos da Leon akwai wani fili mai faɗi da ake kira Meseta, gonakin alkama iyakar ganin ido, inuwa kaɗan, rana da iska da yawa. A nan ne, in ji shi, ya ji keken ya yi nauyi kamar an ɗaura masa buhun hatsi. Ƙafafun matarsa suna juyawa, gama sarƙa ba ta barin su tsaya, amma babu ƙarfi a cikinsu. Duk wanda ya gan su daga bakin hanya zai ce ga ma'aurata masu jituwa. Shi kaɗai ya sani, a cinyoyinsa, cewa ta bar masa tafiyar.

Ya jama'ar Allah, gidaje nawa ne a cikin wannan dayosis suke tafiya haka? Ana zuwa coci tare ran Lahadi, an yi anko, maƙwabta suna yabo, amma a cikin ɗaki an daina magana tun bara. Maigida ya buɗe rumbu ya sayar da hatsi, uwargida ba ta sani ba sai da ta je ɗiba. Ya ci bashi, sai ranar da mai bashi ya yi sallama a ƙofa ta ji. Ya yi alkawarin aurar da 'yarsu, ko ya shirya tafiya cin rani, ita ce ta ƙarshe da za ta samu labari. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan rami ne da na gaba ya gani bai faɗa ba. Ita kuma, da ta gaji da shan duka a sirdi, sai ta janye ƙarfinta: tana dafa tuwo, tana wanki, amma zuciyarta ta sauka daga keken tun da daɗewa. Annabi Amos, a sura 3, ya yi tambaya ko mutum biyu za su iya tafiya tare in ba su yi shiri ba. Amsar a bayyane take.

Mu maza muna son sura 5 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa, domin ta kira miji shugaba. Amma mu karanta ta duka. Kafin Manzo ya yi wa mata magana, ya umarci dukan masu bi su yi wa juna biyayya saboda tsoron Almasihu. Da ya juyo ga maza kuwa, ma'aunin da ya ba su shi ne ƙaunar da Almasihu ya yi wa Ikilisiya har ya mutu dominta. Zama a gaba, ashe, shi ne shan iska, da tokare keke in an tsaya, da faɗin abin da ido ya gani. Wanda ya riƙe birki ya riƙe ran wani a hannunsa, zai kuwa ba da lissafi. Mijin da yake ɗaga hannu ya bugi matarsa ya yi zunubi mai nauyi a gaban Allah, kada ya fake da wata aya. Macen da take cikin irin wannan hatsari kuma, kada ta yi shiru da sunan haƙuri. Ta zo wurin Fada ko shugabannin Zumuntar Mata, Ikilisiya uwa ce.

Ku kuma iyayenmu mata, littafin Farawa ya kira mace mataimakiya da ta dace da namiji, ba kaya ba. Mun sani sarai cewa kuɗin makarantar yara da yawa daga kaskon ƙosai da adashi suke fitowa, ko da ba a ambata. Allah yana gani. Amma shirun fushi ba haƙuri ba ne. Haƙuri yana faɗin gaskiya cikin ladabi, ya ci gaba da taka feda. Shirun fushi kuwa yana jiran ranar da keken zai faɗi don a ce ai na faɗa. In ya faɗi, 'yan'uwa, mutum biyu ne za su ji ciwo, da 'ya'yan da aka goya.

Bari mu koma ga matafiyanmu. Bayan garin Astorga hanya tana hawa zuwa wani wuri mai tsawon kimanin mita 1,500, inda aka kafa ƙaramin gicciyen ƙarfe a kan dogon itace, ana kiransa Cruz de Ferro. Al'adar masu ziyara ce kowa ya ɗauko ɗan dutse daga garinsu ya ajiye a gindin gicciyen, alamar nauyin da yake so ya sauke, har duwatsun sun zama tudu. A nan matar ta ce masa, "Maigida, ba zan hau gangaren nan a bayanka ba sai ka yi mini alkawari za ka riƙa faɗa mini abin da kake gani." Tana da dalili. Daga can hanya tana gangarawa kusan mita 900 zuwa Molinaseca, da kwana masu kaifi. A ƙauyen El Acebo ma akwai alamar tunawa da wani Bajamushe mai ziyara da ya rasu a kan kekensa. Mijin ya ce a gaban gicciyen nan ne ya gane ba a kan keke kaɗai yake yin haka ba, shekara 30 ke nan yana canja giya bai faɗa ba. Ya roƙi gafara, ita ma ta roƙa saboda ranar Meseta. Suka ajiye duwatsunsu. A gangaren ya riƙa kiran kowace kwana da kowane rami, suna tsayawa lokaci lokaci don birki ya huce, gama nauyin mutum biyu yana sa shi zafi har ya kasa kamawa.

Ba su ɓata hanya ba, domin akwai kibiyoyi masu ruwan ɗorawa a kan duwatsu da bango, waɗanda wani limamin ƙauyen O Cebreiro, Fada Elias Valiña, ya fara shafawa da fenti a shekarun 1980. Ma'aurata ma ba a bar su babu alama ba: Maganar Allah, da Sakramentin Tuba, da Jiki da Jinin Ubangiji, da shawarar dattawan kirki. Kamar yadda ya yi da almajirai biyu a hanyar Imuwasu, cikin Luka sura 24, Yesu yakan matso kusa da masu tafiya cikin baƙin ciki. Wannan ta'aziyya ce kuma ga gwauraye da waɗanda abokan aurensu suka gudu suka bar su: sirdin da kuke gani babu kowa, Ubangiji bai bar shi haka ba.

A Santiyago ana ba da takardar shaida da harshen Latin ga wanda ya yi aƙalla kilomita 100 da ƙafa ko 200 da keke, bayan an duba hatiman da aka buga masa a hanya. Mun ga an ba kowannensu tasa, da sunansa. Haka zai zama a ranar shari'a, kowa zai amsa sunansa. Amma ku lura, babu ɗayansu da ya riga ɗaya isowa. A ranar ɗaurin aure, ango da amarya su ne suke ba juna sakramenti ta wurin yardarsu, Fada shaida ne na Ikilisiya. Tun daga wannan rana aikin miji ne ya kai matarsa ga Allah, aikin mace ne ta kai mijinta. Kada kowa ya yi tsammanin zai isa ƙofar sama da sauri ta wurin sauke abokin tafiyarsa a bakin hanya.

Saboda haka ga abin da muke roƙon kowane gida a wannan mako. Bayan abincin dare, in yara sun kwanta, miji da mata su zauna su biyu. Maigida ya faɗi abin da yake gani a gaba: abin da ya samu, bashin da ake binsa, abin da yake tsoro. Uwargida ta faɗi inda ta sha duka ba a sani ba. Kada a katse juna, kada a kira dangi. Wanda yake da dutse a zuciya ya ajiye shi a gindin gicciye, ya zo ya yi tuba ran Asabar. Sa'an nan su yi addu'ar Ubanmu tare. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sun kuma ce tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Saɓani ba ya kashe aure. Ƙin magana da ƙin gafara su suke kashe shi.

Allah Uba, wanda ya haɗa iyayenmu na fari, ya ƙarfafa dukan ma'auratan wannan dayosis. Ta wurin roƙon Maryamu Uwar Allah, da Yusufu mijinta, da Manzo Yakubu, ya kai su gida tare lafiya. Da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki. Amin.