Girman Kai Yakan Tsiro a Gona Mai Kyau

Ran nan bayan sujada wani dattijon ekklesiya ya tare ni a bakin ƙofa, ya ce, "Malam, ɗana ya ci jarrabawa, murna ta hana ni barci. Ko wannan shi ne girman kai?" Na ce masa, "A'a, Baba." Gama wanda ya noma gonarsa da kyau, ya ga dawa ta yi kai, daidai ne ya ji daɗi. Allah ne ya sa wannan daɗi cikin aiki. Amma na ƙara tambayarsa ko murnarsa za ta ragu in ya ji ɗan maƙwabcinsa ya fi nasa maki. Dattijon ya yi shiru, sa'an nan ya yi dariya.

A nan bambancin yake, 'yan'uwa. Farin ciki yana duban abin da aka ba mutum. Girman kai kuwa yana duban na kusa, ba ya ƙoshi sai ya ga wani a ƙarƙashinsa. Da fari abu ne da yakan taso a zuciya ya wuce. In an yi ta ba shi abinci, sai ya zama hali, har mai shi ya daina jinsa, kamar yadda majemi ba ya jin warin fata.

Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya. Gaskiya ne, amma karin maganar yakan sa mu riƙa neman girman kai wurin wawa mai taƙama da abin da ba shi da shi. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na mutumin kirki. Ku duba labarin sarki Uzziya cikin Littafin Tarihi na Biyu, sura 26. Yana da shekara 16 ya hau gadon sarautar Yahuza, ya yi mulki shekara 52 a Urushalima. Ya nemi Allah, Allah kuwa ya taimake shi. Ya gina hasumiyoyi, ya haƙa rijiyoyi da yawa domin garkunansa, yana da manoma da masu gyaran inabi, gama shi mai son noma ne. Mayaƙansa 307,500 ne. Duk wannan ba ƙarya a ciki, ba zalunci. Daga cikin albarkan nan ne ciwon ya tsiro.

Sa'ad da ya ƙasaita, sai ya shiga Haikali domin ya ƙona turare, aikin da aka keɓe wa firistoci zuriyar Haruna. Ku lura, bai tafi wurin gumaka ba. Ibada ya je yi. Mai girman kai yakan iya yin zunubinsa da kayan sujada a hannu. Azariya firist ya bi shi tare da firistoci 80, suka tsaya masa, suka ce ya fita. A ganina, a nan ne aka auna sarkin. Ƙofa tana buɗe, da ya ajiye farantin turaren ya fita, da wataƙila labarin ya zama dabam. Amma ya husata. Yana cikin fushin nan kuturta ta fito masa a goshi.

Kada wani ya ɗauki wannan ya riƙa nuna kutare da yatsa. Hukuncin Uzziya nasa ne shi kaɗai. Kuturta cuta ce da ƙwayar cuta take kawowa, tana da magani, Ubangijinmu Yesu kuwa ya miƙa hannu ya taɓa kuturu.

To, yaya mutum zai gane abin nan a cikin kansa? Da wuya ya gan shi ranar yabo. Ranar gyara yakan fito. Mu da muka iya karatu muna cikin hatsari musamman. Wata tsohuwa da ba ta san ko baƙi ɗaya ba za ta ce, "Malam, maganar da ka yi wa matarka a gaban mutane ba ta kyautu ba," nan da nan sai zuciya ta ce, wace ce ita? Ko kuwa a taron dattawa a ƙi shawararmu, sai mu daina zuwa, mu ce ai haƙuri muke yi. Wani ya shekara bai gaisa da ɗan'uwansa ba, yana kiran abin kunya, ko kare mutunci, yana kuwa cin jibin Ubangiji tare da shi. Ni kaina na taɓa yin wata uku ina jiran wani ya fara zuwa wurina, alhali na san nawa ne laifin.

Uzziya ya zauna a keɓe cikin wani gida har ya mutu, ba ya shiga ɗakin Ubangiji, ɗansa Yotam yana riƙe da fada. Da Yotam ya ci sarauta ya bi sawun ubansa cikin abubuwan kirki, amma sura 27 ta shaida mana bai kutsa cikin Haikali ba.