Motar Baƙo A Ƙofar Mai Gida

Jama'a, dattawa da samari, akwai wata magana da 'yan'uwanmu masu neman abinci a birnin Doha na ƙasar Katar su ke yawan kawowa, mun ga ya kamata mu shimfiɗa ta a wannan takarda tamu, gama ƙanƙanuwa ce a ido, amma tana da nauyi a ma'auni. Maganar kuwa ita ce wannan. Mutum ya ɗauko mara lafiya ya zo asibiti, ya kewaya, ya sāke kewayawa, bai sami inda zai aje motarsa ba. Sai ya shiga unguwar da ke kusa, ya aje ta a ƙofar gidan wanda bai taɓa gani ba, ya tare masa mafita, ya yi tafiyarsa. Mai gida ya fito zai kai yara makaranta, ya tarar an rufe shi kamar kaza cikin akurki. To, a cikin su biyu wa ke da gaskiya?

Kafin mu yanke, bari mu san wurin. A ƙidayar 1970 mutanen Katar duka ba su wuce 111,000 da 'yan kai ba, yau kuwa sun kai wajen miliyan 3, mafi yawansu baƙi ne irinmu, masu aikin gini da gadi da tuƙi da jinya. An buɗe asibitin Rumaila a 1957, aka buɗe babban asibitin Hamad a 1982, a ƙarshen 2017 kuma aka yi bikin buɗe waɗansu sababbi a nan gefensu. Watau gidajen magani sun taru wuri guda a tsakiyar gari, kusa da unguwannin Al Sadd da Bin Omran, inda mutane ke zaune da iyalinsu. Ga kuma zafin ƙasar, wanda a watan Yuli na 2010 ya kai 50.4 a ma'auni. Mai lafiya ma ba ya son tafiyar ƙasa cikin wannan rana, balle mai jinya. Mota ɗaya kuwa tana cin fili wajen mita 5 a tsawo da 2 da rabi a faɗi, watau kamar ɗakin kwana guda. Motoci suna ƙaruwa, ƙasa ba ta miƙewa.

Mu fara jin ta bakin baƙo. Zai ce, "Rai na ɗauko. Me ya kai ƙofar gida daraja in an gwada ta da numfashin uwata? Sa'a ɗaya kaɗai na tsaya, ban ɗauki kome na kowa ba." Wannan magana ba abin rainawa ba ce. Duk wanda ya taɓa riƙe hannun mai naƙuda ko yaro mai suma ya san a wannan sa'a ido ba ya ganin alamar hanya.

Mai gida kuma zai ce, "Yau shi ne, jiya wani ne, gobe ma wani zai zo. Ko wanne sa'a ɗaya ya ke tsayawa, amma ni kullum a tare na ke. In ciwo ya faɗa wa gidana da tsakar rana, ta ina zan fita?" Wannan ita ce tambayar da baƙo ba ya tunawa. Ƙofar da ya tare domin mara lafiyarsa, ita ce hanyar asibiti ta wani mara lafiya da bai gani ba.

Malaman shari'a sun daɗe da auna irin wannan. A cikin littafin dokoki da Daular Usmaniyya ta Turkawa ta tsara tsakanin 1869 da 1876, wanda a ke kira Majalla, an jera waɗansu ƙa'idodi uku da malamanmu na zaure ma su ke karantarwa. Ta ɗaya tana nuna cewa lalura tana buɗe ƙofar abin da aka hana. Ta biyu tana nuna cewa gwargwadon lalurar a ke buɗewa, ba a ƙari. Ta uku kuwa, wadda mutane suka fi mantawa, tana nuna cewa matsuwarka ba ta kashe haƙƙin waninka. Misalin da a kan bayar shi ne na wanda yunwa za ta kashe, ya ci abincin wani. Ba a kira shi ɓarawo, amma in ya sami hali sai ya biya.

Abin mamaki, alƙalan Amurka ma nan suka sauka, kuma a kan maganar ɗaure jirgin ruwa, wadda 'yar'uwar aje mota ce. A watan Nuwamba na 1904 hadari ya taso wa wani mutum mai suna Ploof yana cikin ƙaramin jirgi da matarsa da 'ya'yansa biyu a tafkin Champlain. Ya ɗaure jirgin a matsayar wani mai suna Putnam, baran Putnam ya zo ya kwance igiya, jirgi ya bugi gaɓa, mutane suka ji ciwo. A 1908 babbar kotun jihar Vermont ta ce mai neman tsira da rai yana da ikon raɓawa da kayan wani, kwance masa igiya laifi ne. A watan Nuwamba na 1905 kuma, wani jirgi mai suna Reynolds ya gama sauke kaya a garin Duluth, iska ta taso, ma'aikatansa suka riƙe shi ɗaure a matsayar wani har gari ya waye, jirgin ya yi ta bugun matsayar har ta lalace. A 1910 babbar kotun jihar Minnesota ta ce sun yi hankali da ba su fita cikin hadari ba, amma duk da haka sai su biya dala 500 kuɗin ɓarna. Ku duba, shari'a ta fari ta tsare baƙo, ta biyu ta tsare mai gida, kuma ba su saɓa wa juna ba.

To, a nan mu ka tsaya. Wanda ya ɗauko rai a hannu, bai sami wuri ba, ya aje mota a ƙofar wani, ba mu ce masa azzalumi ba. Amma ya ci bashi, kuma bashi biyansa a ke yi. Da me zai biya? Da abu uku masu araha. Ya yi sallama in akwai wanda zai amsa. In babu, ya bar lambar wayarsa a jikin gilashi, kamar yadda direbobi da yawa a can su kan yi. Da zarar ya miƙa mara lafiyarsa hannun ma'aikata kuma, ya komo ya janye motarsa, ya ba mai gida haƙuri. Wanda ya yi waɗannan ya fita. Wanda ya kulle mota ya tafi tun hantsi har la'asar, babu sallama babu lamba, ya wuce gwargwadon lalura, sauran sa'o'in duka ƙwace ne.

Sa'an nan sai mu tambayi kanmu, a cikin motocin da ke cika bakin asibiti, nawa ne su ka ɗauko mara lafiya? Mu mutane ne masu son dubiya, abu ne mai kyau kuwa, addini ya kwaɗaitar da shi, zumunci ya tilasta shi. Amma in mutum ɗaya ya kwanta, goma su ka zo duba shi, kowa da motarsa, to, gado ɗaya ya cinye filin ɗaki goma. Mai dubiya ba shi cikin lalura. Yana iya zuwa da wuri, yana iya aje mota nesa ya tako, yana iya shiga motar ɗan'uwansa su zo tare. A Doha ma an sauƙaƙa masa, gama tun watan Disamba na 2019 jirgin ƙasa na cikin gari, wanda su ke kira metro, yana da tasha mai sunan asibitin Hamad a kan koren layi. Haka kuma wanda likita ya sa wa rana tun makon jiya, ya yi barcinsa ya makara. Abin da ke damunsa sauri ne, shi kuwa sauri ya haifi nawa. Kada mu ari rigar mai naƙuda mu rufe lalacinmu da ita. Yaya mutum zai tafi neman lada a ɗakin mara lafiya, ya bar alhaki a ƙofar mai lafiya?

Mai gida ma ba mu ƙyale shi ba. Malaman Malikiyya sun yi bayanin filin da ke gaban gida, wanda a ke kira fina'i da Larabci. Wani magini na birnin Tunis mai suna Ibn Rami ya tattara hukunce-hukuncen gini da hanya cikin littafi tun ƙarni na 14. Abin da a ke fahimta daga gare su shi ne, mai gida ya fi kowa cancantar amfani da gaban gidansa, ya zauna, ya ɗaure dabbarsa, ya sauke kayansa, amma ba shi da ikon ya cinye hanyar jama'a ko ya cuci mai wucewa. Saboda haka sai a bambanta abu biyu. Ƙofar da motarka ke fita haƙƙinka ce, ba mai ja da kai. Amma bakin titin da ya bi jikin katangarka tun daga wannan kusurwa har waccan, wannan hanya ce. Wanda ya jera duwatsu da tukwanen fure da tsofaffin taya domin kada kowa ya tsaya a wurin da shi ma ba ya bukata, ya yi rowar abin da ba nasa ba.

Wanda kuma aka tare wa ƙofa ya fusata, ya sace iskar taya, ko ya karce fenti da makulli, shi ne baran Putnam mai kwance igiya. Bai san abin da ya kawo mai motar ba. Wataƙila gawa zai fito da ita. Akwai hanyar hukuma. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Katar ta sa wata hanya cikin manhajarta ta waya mai suna Metrash, wadda mutum zai nemi a sanar da mai motar da ta tare shi. In abin ya faskara, ga 'yan sandan hanya. Ramuwa da hannu ba ta buɗe ƙofa, sai dai ta mai da mai gaskiya mai laifi.

Mu mutanen zongo ya kamata mu fi kowa gane wannan magana, domin sunanmu ma daga nan ya fito. Mene ne zango tun asali? Wurin da ayari ke sauka ne, a kwance wa jakuna kaya, a ɗaure su, a kwana. Kakanninmu fatake da su ka riƙa tasowa daga Kano da Katsina zuwa Salaga neman goro, ba su taɓa shiga gari su sauke kaya a ƙofar wanda su ka ga dama ba. Madugu ya kan aika a gai da sarkin gari, a kai masa gaisuwa, a nuna musu fili. Bayan yaƙin Salaga na 1892, sa'ad da 'yan kasuwa su ka watsu, waɗansu su ka yi Kete Krachi, waɗansu daga baya su ka yi Kumasi, ko'ina da roƙo su ka sauka, masu ƙasa su ka ba su wuri. Baƙo ya yi sallama, mai gari ya yi masauki, da haka unguwanninmu su ka kafu. Jikan wanda aka ba wurin ɗaure jaki bai kamata ya yi rowar inuwar katanga ba. Jikan wanda ya yi sallama kafin ya sauke kaya kuma bai kamata ya tare ƙofar mutane ya wuce ba magana ba.

Saura mutum na uku wanda ba ya wurin sa'ad da a ke cacar baki, watau mai tsara gari. In aka ga baƙo da mai gida suna faɗa kullum a wuri guda, to, akwai lissafin da bai cika ba tun ranar da aka zana gini. Wannan ba a Doha kaɗai ba ne, duk wanda ya san bakin manyan asibitocin Kumasi da Kano ya san haka. Ƙarin fili kaɗai ba ya kashe matsalar, gama fili ya kan kira ƙarin motoci. Abin da ya fi amfani shi ne a keɓe wurin da ya fi kusa da ƙofa domin mai sauke mara lafiya da naƙasasshe, a sa mai tsaro, masu dubiya da ma'aikata su ja baya. Amma kafin hukuma ta gyara nata, mu ba mu da hujjar barin namu.

Samarinmu da ke tuƙi a can, ku ne a ke aikowa ku kai maigida ko uwargida asibiti. Ku sauke su a ƙofa, ku nemi halattaccen wuri ko da nesa ne, ku jira kira. Masu aikin gadi, in baƙo ya zo a gigice, ku tambaye shi kafin ku kore shi, ku karɓi lambarsa, ku nuna masa inda ba zai tare kowa ba. A ƙasar mutane ku ke, da halinku a ke auna dukanmu. Dattawa kuma na gida, in za a tafi dubiya, a haɗu a mota ɗaya, a gaisa a taƙaice, a ba waɗansu wuri.

Baƙo raɓa ne, in ji mutanen da, yanzu ya sauka yanzu ya tashi. Amma mai gida na yau shi ne baƙon gobe, domin ba wanda ya san ranar da zai ɗauko nasa a guje, ya rasa wurin tsayawa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinya haƙuri, ya sa mu fita haƙƙin maƙwabta da na baƙi, amin.