Hukunci Kafin Shaida

A ranar 16 ga Afrilu, 2007, wani ɗalibi ya harbe mutum 32 a jami'ar Virginia Tech da ke Amurka. 'Yan sanda ba su ma kai ga bayyana sunan maharin ba, sai ga wani lauya, Jack Thompson, a tashar Fox News yana ɗora alhakin abin a kan wasannin gem na harbe-harbe. Bayan wata huɗu, kwamitin da gwamnan jihar, Tim Kaine, ya kafa ya fitar da rahotonsa. Gem ɗin da aka san yaron da shi yana ƙarami shi ne Sonic the Hedgehog, inda wata shuɗiyar bushiya ke sheƙa gudu tana tsintar zobba. Wanda suke ɗaki ɗaya da shi ya ce bai taɓa ganinsa yana buga gem ba. Zargin ya karaɗe ƙasar a yini guda, rahoton kuwa sai wanda ya neme shi.

Abin da ya faru a Disambar 2012 ya fi wannan ciwo. Bayan kisan yara 20 da manya shida a makarantar Sandy Hook, manyan kafafen labarai suka yi gaggawar ambata sunan yayan maharin a matsayin mai laifi. Jama'a suka binciko shafin yayan na Facebook, suka ga yana son wani gem mai suna Mass Effect, suka yi wa shafin gem ɗin ca da zagi. Bawan Allah ya rasa mahaifiyarsa a ranar, ga kuma duniya tana tsine masa. Binciken hukuma na 2013 ya sami wasannin harbi a gidan maharin, amma wanda ya fi ɓata lokaci a kai na rawa ne, Dance Dance Revolution, yana tattaka ƙafa na sa'o'i a harabar wani gidan sinima.

Tambayar a nan ta ɗabi'a ce: shin ya halatta a jingina laifin mutum ɗaya ga miliyoyin da abin da ya haɗa su da shi kawai wasa ne? Musulunci ya daɗe da ba da amsa. Suratul Hujurat ta yi umarni da a tantance labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cuci mutane cikin rashin sani a dawo ana da-na-sani, ta kuma ja kunne a kan yawan zato. Alƙur'ani ya maimaita cewa kowa kayan laifinsa zai ɗauka. Wannan ma'auni ya hau kan ɗan jarida fiye da kowa, domin bakinsa ya fi na kowa nisa.

Gem yana da illa, babu mai musun haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka jarabar buga shi cikin jerin cututtuka a 2019, kuma uwar da ɗanta ya kwana riƙe da waya ya makara sallar asuba tana da dalilin damuwa. Sai dai jaraba daban, kisan kai daban. Kotun ƙolin Amurka a 2011 ta ce binciken da aka gabatar mata bai nuna gem na sa yara ta'adi ba. Matasan Japan da Koriya ta Kudu na cikin waɗanda suka fi kowa buga shi, amma kisa da bindiga a can ɗan kaɗan ne ƙwarai.

Me ya sa zargin ya ƙi mutuwa? Saboda yana da arha. Batun bindiga da na lafiyar ƙwaƙwalwa suna taɓa masu ƙarfi, matashin da ke ɗaki riƙe da kwanturola kuwa ba shi da mai tsaya masa. A Agustan 2019, bayan harin da aka kai kantin Walmart na El Paso, Shugaba Donald Trump ya sake nuna gem da yatsa. A cikin makon da ya yi hakan, kamfanin Walmart ya umarci ma'aikatansa su sauke tallan wasannin harbi daga kantunansa, ya kuma ci gaba da sayar da bindigogi.