KALLO YA KOMA SAMA: KO IDO MA YANA DA IYAKA?

Kaɗan ne a cikinmu ba su taɓa ganin ƙaramin jirgin nan mara matuƙi ba. A wurin ɗaurin aure, ko ranar bikin godiya ta girbi, mukan ji ƙugi bisa kanmu, mu ɗaga ido mu gan shi yana shawagi, wani saurayi kuwa yana tsaye can gefe yana sarrafa shi da yatsunsa. Hotunan da yakan ɗauko abin sha'awa ne, ba mu musu. Amma ga tambayar da ta shafi lamirin Kirista: idan an kai wannan jirgi bisa gandun daji ko fadamar da aka keɓe domin namun jeji da tsuntsaye, aka yi kallo kaɗai, ba a harbi kome ba, ba a taɓa kome ba, an yi laifi ne?

Da yawa za su ce a'a, tun da akan ce gani ba ci ba ne. Bari mu auna wannan magana da abin da ya faru a inda jiragen suka riga suka yi yawa.

A watan Mayu na 2021, a Bolsa Chica, wata keɓaɓɓiyar fadama a bakin teku a jihar Kalifoniya ta Amurka, wani ya saki jirginsa ba bisa ƙa'ida ba, jirgin ya faɗi a tsibirin da tsuntsayen teku suke kwanci. Tsuntsaye wajen 3,000 suka firgita suka tashi, suka bar ƙwai kimanin 1,500 a kan rairayi, ba su komo ba. Ba wanda ya yi harbi ko jifa, duk da haka haihuwar shekara guda ta salwanta a wurin. Duk wanda ya taɓa kiwon kaji ya san dalili: da zarar inuwar shirwa ta gilma, kaza ba ta tsayawa tambaya. Abin da muke kira wasa, ga tsuntsu mutuwa ce take saukowa daga sama.

Akwai kuma ɓarnar da ido ba ya gani. A shekara ta 2015 masu bincike a jihar Minisota sun bayyana abin da suka samu bayan sun sa wa waɗansu beyar na jeji na'urar auna bugun zuciya, suka bi ta kansu da jirgi. Yawancinsu ba su gudu ba. Mai kallo sai ya ce ba su damu ba. Amma zukatansu sun yi ta lugude, har na ɗaya ya ƙaru da bugu 123 a minti guda. Ashe shirun dabba ba yarda ba ne. Saboda irin wannan damuwa ga namun jeji da masu ziyara, tun a 2014 hukumar gandayen ƙasa ta Amurka ta hana tashin waɗannan jirage a wuraren da take kula da su, sai da izini na musamman.

To, mai jirgin zai ce, "Ban yi nufin mugunta ba." Gaskiya ne, kuma niyya tana da nauyi a gaban Allah. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta wanke sakaci. Wanda ya cinna wa ciyawa wuta domin ya kama ɓera, wutar ta cinye rumbun maƙwabcinsa, ba zai kuɓuta da cewa ɓera yake nema ba. Muddin an faɗa mana illar abu, ko kuwa muna iya saninta da ƙaramar tambaya muka ƙi yi, alhakin yana wuyanmu.

Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin duhu ba. A Farawa 2:15 an sa mutum cikin gona domin aiki da kuma tsaro. A Maimaitawar Shari'a 22:6-7 Ubangiji ya kafa doka a kan sheƙar tsuntsu da matafiyi ya tarar a hanya, ya hana a kama uwa tare da 'ya'yanta. A Littafin Firistoci sura ta 25 ya umarta a bar ƙasa ta huta a shekara ta bakwai. Gandun daji wani irin Asabaci ne: wuri ne da mutum ya yi alkawari zai janye hannunsa. Shinge yana hana ƙafa, mai gadi yana hana bindiga, amma jirgin nan ya tsallake duka biyu. Inda shinge ya kasa, lamiri ne kaɗai ya rage.

Mu lura kuma, Katekizim na Eklesiya Katolika na 1992 ya sa batun girmama halitta a ƙarƙashin doka ta bakwai, wadda ta hana sata. Dalili shi ne, dabbobi da itatuwa rabon dukan 'yan Adam ne, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Wanda ya kori tsuntsu daga ƙwansa domin hoton minti biyu ya ɗauki abin da ba nasa ba. Paparoma Faransis ya ƙara jan kunnenmu a wasiƙarsa ta 2015, Laudato Si', cewa kowace halitta tana da daraja a gaban Mahaliccinta, ba domin amfaninmu kaɗai ba.

Kada a ɗauka muna la'antar jirgin. Masu tsaron gandaye sukan yi aiki da shi su ƙidaya dabbobi, su gano mafarautan sata. A Tanzaniya an yi amfani da shi wajen korar giwaye daga gonaki, aka tsirar da amfanin gona, giwayen kuma suka tsira daga fushin manoma. Firgita ɗaya ce, amma a nan ta zama ceto, domin an yi ta da izini, da sani, da manufar tsaro. Ma'aunin ke nan: wa kallon nan zai amfana, wa kuma zai biya kuɗinsa?

Maganar ba ta yi nisa da mu ba. Muna da giwayen Yankari a jihar Bauci, muna da fadamar Haɗeja da Nguru inda tsuntsaye sukan sauka bayan sun ƙetare Sahara daga Turai, a gajiye, kowane tashin firgita kuwa yana cin ƙarfin da za su koma gida da shi. Saboda haka, mai jirgi ya nemi izinin hukuma da na masu kula da wurin. In an hana, ya haƙura. Ya nisanci sheƙa da uwa mai goyo. In dabba ta ɗaga kai ta bar kiwo, ya san ya riga ya matsa da yawa. Mu kuma masu kallo a waya, mu daina yaba hoton garke yana gudu, gama yabonmu ne ladan mai kora.

Waliyyi Faransis na Asisi, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya naɗa majiɓincin masu kula da halitta a 1979, ya ɗauki tsuntsaye a matsayin 'yan'uwa. Ɗan'uwa kuwa akan yi masa sallama kafin a shiga gidansa. Allah yana duban dukan halitta daga sama, dubansa bai taɓa korar uwa daga sheƙarta ba. Bari ya koya mana irin wannan kallo. Amin.