Jinya Ma Hidima Ce

Karatu: Markus 8:22-25, Ayyukan Manzanni 9:36-42

'Yar'uwata cikin Ubangiji, idan akwai kare a gidanku, kin san halin da yake shiga ranar da babur ya buge shi, ko waya ta tsaga masa cinya. Karen da yake tarbar ki tun daga ƙofar gida yana kaɗa wutsiya, sai ga shi ya laɓe bayan rumbu, ya ƙi tuwo, ya ƙi romo. Ki miƙa hannu za ki wanke masa ciwon, ya yi miki gurnani kamar bai taɓa ganin ki ba. Likitan dabbobi zai ɗinke wurin cikin ɗan lokaci ya tafi. Sauran aikin naki ne: korar ƙuda, canza buhun da yake kwanciya a kai, ɓoye magani cikin loma, hana shi lasar ɗinkin har ya farke. Dole ki jawo keken ɗinki kusa da shi, ko ki shimfiɗa tabarma ki ɗauki ulu da kwarashi, hannu yana saƙa hular sanyi, ido yana kansa. Sai an yi makonni kafin ya fara taka ƙafar yana ɗingishi. In kuwa ya cije ki cikin zafin ciwo, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, ki je asibiti a ranar. Addu'a ba ta hana allurar haukan kare.

Karin Magana 12:10 ta sa kula da ran dabba cikin alamun mai adalci, don haka wannan zaman ba ɓata lokaci ba ne a gaban Allah. Amma yau Ruhu Mai Tsarki yana so ya nuna miki abin da ya fi haka.

Mun gaskata Allah yana warkarwa nan take. Mun gani da idonmu, kuma za mu ci gaba da ɗora hannu a kan marasa lafiya cikin sunan Yesu. Halleluya! Sai dai akwai abin da yake faruwa a ikkilisiyoyinmu wanda ya kamata a faɗa. Wani ya fito daga hannun 'yan bindiga, ran Lahadi ya ba da shaida, aka yi rawa, aka yi baiko na godiya, kowa ya koma gida. Wata uku bayan haka har yanzu ba ya barci, ƙarar babur tana sa shi rawar jiki, yana yi wa matarsa tsawa ba dalili. Sai a fara raɗa cewa ya ja da baya, ko bangaskiyarsa ce ta yi sanyi. Kada ki ce na kwatanta ɗan Allah da kare, Allah ya kiyaye. Abin da nake cewa shi ne, haƙurin da kika yi da gurnanin dabba domin kin san ciwo ne yake magana, me ya hana ki yi shi da ɗan'uwan da Almasihu ya mutu dominsa?

Ki duba makahon Betsaida. Yesu ya kama hannunsa, ya fitar da shi daga ƙauyen, ya taɓa idanunsa, ya tambaye shi ko yana gani. Mutumin ya faɗi gaskiya: gani ya zo amma dishi-dishi, ba ya bambanta mutum da itace sai da motsi. Ubangiji bai tsawata masa ba, bai kira shi mai ƙarancin bangaskiya ba. Ya sāke ɗora masa hannu. Idan Mai Warkarwa da kansa ya yarda ya taɓa mutum sau biyu, wace ce ke, wane ne ni, da za mu gaji a zuwa na farko?

Mu mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga doguwar jinya. A 2010, da gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, sai da aka bi gida-gida ana kankare ƙasar tsakar gida ana zuba sabuwa. Bagega ma sai 2013 aka kai gare ta. Yara suka sha magani, aka gwada jini, aka sāke ba su, likitocin MSF suka shafe fiye da shekara 10 a kan aikin. Bayan kowane yaron da ya rayu akwai uwar da ta bar sana'arta ta zauna kusa da shi.

Ke mai saƙa kin riga kin san wannan darasi a yatsunki. Rigar sanyin jariri ba ta tsallake layi. In ido ɗaya ya kuɓuce a ƙasa, ko kin kusa kai wuya sai kin warware kin koma ki kama shi, in ba haka ba ranar wanki na farko rami zai buɗe. Wanda yake murmurewa ma haka yake. Yau ya yi dariya, gobe ya koma kuka kamar ba a taɓa yi masa addu'a ba. Warwara ce kawai, zaren bai tsinke ba, kuma yana hannun Wanda ya saƙa shi tun cikin mahaifiyarsa, kamar yadda Zabura 139 ta koya mana.

Sai Dokas ta Yafa. Muna son wurin da Bitrus ya durƙusa ya yi addu'a ta buɗe ido, kuma ya dace mu so shi. Amma ki lura da abin da gwauraye suka nuna wa manzon sa'ad da ya iso daga Lidda. Riguna ne, ɗinkin hannunta, a zamanin da babu keke, allura ɗaya bayan ɗaya. Kowace riga tana nufin ta san wadda mijinta ya mutu, ta san girman jikinta, ta koma gidanta fiye da sau ɗaya. Littafi Mai Tsarki bai rubuta mana kalma ko ɗaya daga bakin Dokas ba, duk da haka da ta mutu aka tashi mutum biyu takanas su kira manzo.

Ko a Gummi kike, ko Anka, ko Bukkuyum, akwai wadda zumuntar mata ta ziyarta sau ɗaya aka daina. Kin san sunanta. A wannan mako ki ɗauki saƙarki ki je ki zauna da ita. Ba sai kin yi wa'azi ba. In ta yi shiru, ki ci gaba da saƙa. In ta yi miki magana mai zafi, kada ki kai ƙara wurin fasto, ki koma jibi. In kina da ragowar atamfa, ki auna 'yarta. Kai ma ɗan'uwa da kake karanta wannan, akwai wanda yake bukatar a taya shi noma bana.

Addu'a: Ya Uba, ka warkar da masu ciwo a cikinmu, nan take ko a hankali, yadda ka ga dama. Ka cire mini gajiya da saurin hukunci. Ka tuna mini da wadda na daina ziyarta, ka ba ni ƙarfin komawa gidanta. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.